Ranar da Babban Layi Ya Hau Tsani

Kawuna bai taɓa buɗe baki ya ce bai iya ba. Ka ambaci gyaran jirgin sama, zai ce injin ne kawai ya ɗara na babur girma. Ka ambaci tiyatar ido, zai ce haƙuri ne da tsabtar hannu. Amma inda bakinsa ya fi kaifi shi ne zancen waya. Ya yi aiki a kamfanin tarho tun zamanin da ake jan layi a kan falwaya, kuma shi da kansa ya raɗa wa kansa suna Babban Layi, unguwa ta karɓa don ba ta da zaɓi. A shagon Mai aski kullum labarin ɗaya ne: rabin layukan garin nan shi ya haɗa, kuma da kunne kaɗai yake gano ciwon waya.

Mu 'yan gida mun san aikin da ya yi a kamfanin. Riƙe tsani ne. Wani ya hau, shi ya riƙe, har kamfanin ya rufe. Inna, wato yayarsa kuma mahaifiyata, ta hana mu faɗa. Takan ce rufin asirin ɗan'uwa rufin asirinka ne, sai dai in ya cika baki a gabanta takan yi wani irin tari.

Babanmu kuwa tsohon malamin lissafi ne, mai sanyin hali har ya yi yawa. Yana da wata tsohuwar kwamfuta mai launin ƙasa, irin wadda maɓallai da injin duk jiki ɗaya ne, ana jona ta da ƙaramar talabijin. A da can shi da amininsa Dogo suna buga dara da ita, kowa yana zaune a gidansa. Ka rubuta lambar gidan da ɗanka yake, ka rubuta lambar inda za shi, ka danna babban maɓalli, wasa ya bi wayar tarho ya tafi. Wani ɗan akwati da ake kira modem shi ke haɗa injin da layin, kuma kafin ya haɗa sai ya yi ƙara da kururuwa kamar ana taka wa kyanwa jela. Ana tsakiyar wani wasa aradu ta ƙone modem ɗin Baba. Kafin ya samo wani aka yi wa Dogo canjin wurin aiki zuwa nesa, daga baya layukan tarhon ma suka mutu. Wasan ya tsaya cak a injin Dogo, kuma Baba ne da bugu.

Tun farko sun kafa doka cewa wasan da ba a buga a kan inji ba, ba wasa ba ne. Don haka tun ina saurayi har furfura ta fito mini a gemu, in suka yi waya zancen bai canzawa. Dogo ya ce, "Kunkuru, ina jiranka." Baba ya ce, "Na riga na ci ka, inji ne babu."

Bara ciwon shanyewar jiki ya kama Dogo, ya tafi da bakinsa da hannun damansa. Wayar zamani ba ta jin yatsansa mai rawa. Tsohon injin nan mai manyan maɓallai shi kaɗai yake iya dannawa, harafi bayan harafi. 'Yarsa ta sa aka jona masa shi da intanet, ta kuma sanar da mu cewa ranar Asabar da yamma mota za ta zo ta kai shi gidan jinya, inda ba a shiga da kaya. Daga ranar za a kashe injin a sa a sito. Baba ya ɗauko kwamfutarsa daga saman kabad ya kwana yana goge ta da tsumma.

Autarmu ce mai aikin kwamfuta a gidan. Ta zo da wata laftof ta saka mata manhajar da ke shigar burtu, ta yi kamar ita ce modem. Tsohon injin zai zaci yana buga tarho, laftof ta amsa masa da na'am, ta ɗauki saƙon ta bi da shi ta intanet ɗin gidan. Kebul ɗin da zai haɗa su biyun ne kawai ba ta samu ba, sai da ta koma wurin aikinta ta aiko shi. Ya iso ranar Asabar da hantsi. Kawu ma ya iso ranar Asabar da hantsi, kuma ba wanda ya aiko shi.

Ya shigo da hular kwano ta kamfani, da jakar kayan aiki mai tsatsa, da wani tsohon kan tarho rataye a wuya. Bayansa Mai aski ne da Mai walda, da wasu mutum huɗu ko biyar da aka ce musu yau za a ga abin da ba a taɓa gani ba.

"Malam, ka kwantar da hankalinka," ya ce wa Baba. "Gwani ya iso."

"Wa ya kira gwani?" in ji Inna daga bakin ƙofa.

"Yaya, layi ne ya kira ni. Tun daga gida na ji yana kuka."

Ina riƙe da waya, Auta tana yi mini bayani cewa in soka kai ɗaya a nan, ɗayan a can, sauran Baba ya sani. Kawu ya miƙo hannu ya karɓe.

"Ke 'yar nan, ina haɗa layi tun uwarki tana tsalle da igiya."

"Kawu, abu ɗaya kawai zan faɗa maka, wannan ba ya yin—"

"Gaida mutanen ofis," ya ce, ya katse.

Ni tela ne, shagona na nan a gaban gidan, kuma shekaruna sun kai in ce a'a. Amma kawu kawu ne, ga kuma baƙi. Na bar masa wayar, na tsaya kusa da Baba.

Soka kebul ɗin bai ɗauki tsawon atishawa ba, amma Kawu sai da ya hura kowane kai, ya goge a rigarsa, ya ɗaga sama ya nuna wa jama'a. Aka kunna injin, talabijin ta kawo haske shuɗi. Baba ya gyara tabarau, ya ɗora yatsu. Hannunsa bai manta ba. Ya rubuta umarnin buga waya da adireshin da Auta ta koya masa, ya danna babban maɓalli.

Kawu ya ɗaga hannu. Kowa ya yi tsit. Ya manna kunne a jikin injin, ya rufe ido, ya ja dogon lokaci a haka. Ba ƙara, ba kururuwa, sai fankar rufi.

"Bai shiga ba," ya ce.

"Kamar na ga rubutu yana fitowa," in ji Baba, yana ƙoƙarin leƙawa ta gefen kafaɗarsa, don Kawu ya tare talabijin ɗin da faɗin bayansa.

"Rubutu na 'yan koyo ne. A kamfani kunne muke sa wa. Layin da bai yi kuka ba bai haihu ba. Mai aski, kawo lasifikar nan taka, kukan yana ciki, murya ce ta dishe."

Soket ɗin ɗakin baki uku ne da shi: injin, laftof, talabijin. Da lasifika ta iso, Kawu ya dubi ukun, ya zaɓi wanda zai yi hadaya da shi. Ya zare talabijin. Fuskarta ta yi baƙi. Laftof ɗin kuma ya rufe ta rabi, ya tura ta ƙarƙashin tebur, ya ce ba ya son 'yar zamani ta riƙa kallonsa yana aiki.

"Da ka bar talabijin ɗin," in ji Baba a hankali.

"Malam, na taɓa shiga ajinka na gyara maka lissafi?"

"Ka taɓa shiga, korar ka aka yi," in ji Inna.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Auta ce. Kawu ya zabura kamar ya taka garwashi.

"Ashe ga ɓarawon nan. Wayar hannu ita ke tsotse ƙarfin layi. Kowa ya kawo tasa."

Ya sa aka ɗauko babbar tukunyar Inna, ya zuba wayoyinmu duka a ciki, ya rufe da murfi, ya ɗora bulo a kai. Mai walda ya tambayi amfanin bulon.

"Don kada sigina ta ɗaga murfin."

Mai walda ya gyaɗa kai. Daga baya ya ce mini ya ji kunyar sake tambaya ne, kada a ce maƙerin ƙarfe bai san nauyin sigina ba.

Aka kunna lasifika, Kawu ya ɗora makirfo a jikin injin, ya murɗa sauti har ƙarshe. Wata irin ƙara ta tashi da ta sa tantabarun maƙwabta watsewa, jaririn gidan sama ya amsa, karen Mai walda ya kama nasa. Jama'a suka toshe kunne. Kawu kuwa ya buɗe hannuwa kamar mai karɓar kyauta.

"Kun ji ko? Haka ake haihuwar layi."

Aka fara tafi. Baba ya miƙe tsaye, fuskarsa ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Sai Mai aski, wanda ya san halin kayansa, ya ɗan janye makirfon daga gaban lasifikar. Ƙarar ta ɗauke. Ya mayar, ta dawo. Ya janye, ta ɗauke.

"Babban Layi, ko ranar bikin buɗe shagona haka ta yi," ya ce. "Kanta take ji."

"Gwaji na yi," in ji Kawu. "Ina so in ga wa ke da kunne a cikinku. Ka ci jarrabawa. Kukan gaske ba haka yake ba."

"Yaya yake?"

Kawu ya gyara tsayuwa, ya kumbura kumatu, ya fara. Ya yi fito, ya yi gurnani, ya yi wani sauti ta hanci, ya rufe da dogon huci kamar taya ta sace. Karen Mai walda ya zo bakin taga ya tsaya yana dubansa da kai a karkace. Mutanen titi suka fara taruwa, don labari ya bazu cewa ana cire wa wani aljani.

Baba ya koma ya zauna. Na ga yana duban inuwar katanga a tsakar gida, wadda ta riga ta fara miƙe ƙafa. Nan tsoro ya kama ni da gaske. Shekarun nan duka bugu ɗaya yake riƙe da shi a ka, kuma in inuwar nan ta kai bakin rijiya, da shi zai mutu.

"Kawu," na ce, "ko mu buɗe tukunyar mu kira Auta?"

"Ɗinki na tambaye ka? Matsalar lamba ce. Malam lambar haruffa ya buga, wa ya taɓa ganin tarho da haruffa? Matsa ka gani."

Ya ja kujera ya zauna gaban maɓallan, talabijin tana nan baƙa ƙirin. Ya ce a kamfani bibbiyu ake buga lamba, a ɗan huta, a ƙara biyu, sannan a danna babba. Ya buga lambar babban ofis, ya kasa kunne. Shiru. Ya buga ta tashar jirgin ƙasa, da ta 'yan kwana-kwana, da ta wani otal da aka rushe tun ban yi aure ba. Kowace ya buga sai ya ba da tarihinta, da yadda shi ya ja layin cikin ruwan sama. Da lambobin suka ƙare ya fara ƙirƙira. Ya daɗe yana wannan aiki, gumi yana bin gefen hular kwanon.

"Ko wadda ta ƙi aurenka za ka gwada?" in ji Inna. "Ita ma ba ta taɓa ɗagawa ba."

"Yaya, ana aiki."

"Ina gani. Har kare ya gaji ya kwanta."

Kawu ya ture kujera ya miƙe. Ya ce yanzu ya gano bakin zaren. Yarinya ta yaudari injin da layin iska, shi kuwa tsoho ne, ba ya cin abin da bai saba ba. Sai an kawo masa layin gaske daga falwayar ƙofar gida, wadda har yau tsohon akwatin kamfani ke manne a samanta. Ya zaro nannaɗaɗɗiyar waya daga jakarsa, ya ɗaure kai ɗaya tamau a ƙafar tebur, ya jefa sauran ta taga. Aka aro dogon tsanin Mai walda aka jingina. Titi ya cika, har mai sayar da lemo ya tsayar da kurarsa.

Kawu ya dubi saman falwayar. Ya juyo gare ni.

"Tela, hau. Zan ba ka umarni daga ƙasa."

"Haba, wa zai hau a gaban gwani?" in ji Mai aski. "Kai da ka ce ka taɓa kwana a saman falwaya kana gyara, har ka yi mafarki."

"Gwiwata ce—"

"Jiya ka ce gwiwarka ta fi ta ɗan ƙwallo."

Jama'a suka ɗauka: a bar wa gwani, a bar wa gwani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kawu ya ɗaura wayar a ƙugu, ya yi bisimilla sau da yawa, ya ɗora ƙafa a matakin farko, abin da bai taɓa yi ba a duk zamansa a kamfani. Mai walda ya kama tsanin da hannu ɗaya, ɗayan yana ɓare lemo.

"Ba haka ake riƙe tsani ba," Kawu ya daka masa tsawa, kuma muryar ba ta cika baki ba ce, ta gaske ce. "Hannu biyu. Ƙafar dama a matakin ƙasa, ƙirji a jiki, ido a sama. Ba a magana, ba a sosa kai. Ran mutum ne a hannunka."

"Wannan kam ku saurare shi," in ji Inna. "Karatunsa ne."

Ya hau a hankali, ido a rufe, kowane mataki da addu'arsa. Da ya kai sama ya rungume falwayar kamar ɗan'uwan da ya dawo daga tafiya. Can ya manna kunne a jikin akwatin, sai muka ga ya buɗe ido.

"Akwai rai," ya ce daga can sama. "Ina jin kugi. Layin bai mutu ba, ni yake jira."

Aka yi tafi a karo na biyu. Ya sa sukundireba ya ɓanɓare murfin.

Rina ne. Gida guda, masu 'ya'ya da jikoki, kuma ba su ji daɗin sallamar ba. Hawan ya ɗauke shi kamar rabin yini, saukar ba wanda ya gan ta sosai. Hular kwano ce ta fara isowa, sai kan tarho, sai shi kansa, ya zube a kan kurar mai lemo. Titi ya watse, lemo yana bin mutane a guje. Wayar da ke ƙugunsa ta harɗe a tsanin, tsanin ya kwanta, ya fizgi teburin ɗaki har ya daki bango. Lasifika ta faɗo ta yi wani ɗan nishi ta mutu.

Na ruga ciki. Baba ya rungume injinsa da hannu biyu, tabaransa a ƙasa ido ɗaya ya fashe. Ƙaramar fitilar injin tana nan a kunne. Inna ta shigo, ta tsallake lasifikar, ta zare filoginta daga soket, ta mayar da na talabijin.

"Gani ya kori ji," ta ce.

Talabijin ta yi ɗumi, haske ya taso. Fuskar cike take da rubutu daga sama har ƙasa, ga kuma allon dara a gefe. An taro Kawu an shigo da shi, leɓensa ya fara kumbura, jama'a sun dawo sun cika taga da ƙofa. Baba ba ya gani ba tabarau, sai Mai aski ya sunkuya ya fara karantawa da muryar nan tasa da ake ji daga ƙarshen layi.

"Kunkuru, ka iso. Na ga shigowarka tun hantsi. Buga."

Nan muka gane abin da ya faru. Tun danna maɓallin farko na Baba injin ya shiga. Manhajar ba ta kuka, abin da Auta ta so faɗa ke nan. Duk lambobin da Kawu ya yi ta bugawa bibbiyu, injin Dogo ya ɗauke su wasan dara ne. Mafi yawa ya yi watsi da su, amma waɗanda suka dace da gidajen allon ya karɓa. Mai aski ya ci gaba.

"Wannan ne bugun da ka ɓoye? Na ci ɗaya. Na ci biyu. Kunkuru, lafiya kake? Na ci uku a jere." Ya ɗan tsaya, muryarsa ta sauka. "In tausayina kake ji don na kwanta, ka bari. Bakina ne ya mutu, ba kaina ba. Ban jira ka duk shekarun nan don ka ba ni sadaka ba."

Ban taɓa ganin Baba ya yi fushi ba sai ranar. Bai ɗaga murya ba. Ya ja kujera ya fara rubutu, sai haruffa suka riƙa fitowa a hargitse. Kan kebul ɗin ne ya tsage da teburin ya daki bango, yana lilo a bakin raminsa. Na danna shi da yatsa, rubutu ya daidaita. Na ɗan motsa, ya sake rikicewa. Hannuna na tela ne, bai san zama wuri ɗaya ba.

Baba bai juya ba. "Kai," ya ce wa Kawu. "Zo ka riƙe."

Kawu ya buɗe baki, leɓen bai ba shi haɗin kai ba. Ya zagaya bayan tebur, ya durƙusa, ya kama kan kebul ɗin da hannu biyu, ƙirji a jikin tebur. Haruffa suka tsaya kyam.

Baba ya rubuta, yana faɗa a fili don ya tabbatar: "Ba ni ba ne. Ƙanin matata ne ya zauna a kan injin."

Amsar ta ɗauki lokaci, harafi bayan harafi. Mai aski yana bin ta da baki.

"Mai riƙe tsanin nan? Wanda na ba ruwa ranar da aka ja maka layi, ya ce in ɗora masa kofin a baki don ba ya sakin tsani?"

"Me ya ce?" aka tambaya daga bayan taga.

"Ya ce riƙe tsani yake yi a kamfani," in ji Mai aski.

"Wa?"

"Babban Layi."

Maganar ta bi titi daga baki zuwa baki, muna jin dariyar tana nisa har ta kai shagon Mai walda ta dawo. Inna ta ɗaga hannu sama. "Ku shaida, ba daga bakina ta fito ba." Kawu ya sunkuyar da kai, kunnuwansa sun yi ja, ko na rina ne ko na kunya. Amma hannunsa bai motsa ba.

'Ya'ya biyu suka rage wa Baba a allon. Dogo ya rubuto cewa a mayar da wasan inda yake da. Baba ya girgiza kai ya amsa: "Doka doka ce. A kan inji aka buga. Ka ci."

"To faɗa mini bugun da ka ɓoye."

Baba ya rubuta lambobi biyu. Ya jingina, ya harɗe hannuwa. An daɗe ba amsa, har na fara zaton mota ta zo. Sai haruffa suka fara tahowa.

"Na gan shi tun ranar. Da ka gama da ni. Aradu ce ta cece ni wancan karon, yau kuma mai tsani. Ka gaishe shi. Sake dasawa, motar ba ta iso ba."

Baba ya yi dariya har ya share ido da hannun riga, kuma ba dariyar kaɗai yake sharewa ba. Na ɗauko masa tsohon tabaransa na karatu. Inna ta kori jama'a, kowa ya zo ya tono wayarsa daga tukunya, tawa cike da kiran Auta. Mai lemo ya tsaya yana neman wanda zai yi wa ƙorafi, Inna ta nuna masa bayan tebur ta ce ya dawo gobe, mai laifin yana bakin aiki.

Suka dasa sabon wasa. Baba ya buga, Dogo ya buga, tsakani suna zagin juna irin na mutanen da suka san juna tun ba su da gemu. Inuwa ta wuce rijiya, ta hau bangon ɗakin girki. Idon Kawu ɗaya ya rufe ruf don kumburi, ƙuda ya sauka a hancinsa ya yi yawonsa ya tashi. Bai sosa ba, bai yi magana ba. Inna ta jiƙa tsumma ta ɗora masa a goshi, ta kawo kofin ruwa ta kafa masa a baki.

Rana tana gab da faɗuwa rubutu ya fito, gajere.

"Mota ta zo. Kai ne da bugu, Kunkuru."

Bayan wannan ba abin da ya ƙara fitowa. Ɗan alamar rubutun yana ta ƙyaftawa a ƙasan fuskar. Baba ya zauna yana duban allon, yatsunsa a kan maɓallan, bai danna ba.

Can Kawu ya ɗago ido ɗayan da ya rage masa. Da ƙyar maganar ta fito ta kumburarren leɓen.

"Malam, in saki?"

"Riƙe tukuna," in ji Baba.

Kawu ya gyara gwiwarsa a ƙasa, ya riƙe.